Tambayar Kaka a Ɗakin Gwaji

"Ke Auta, rufe mana baki! Wa ya ce miki da surutu ake rubuta manhaja?"

"Yaya, a gaban masu gwajin fa za mu rubuta. So suke su ji yadda mutum yake tunani."

"Su ji? Su dai sha kallo!"

Akwai wata Auta da yayanta, wanda ake wa laƙabi da Farfesa. Kamfani ɗaya ya kira su gwajin aikin rubuta manhaja, gurbi kuma ɗaya tak. Sau biyu Auta tana faɗuwa irin wannan gwaji, don da an zuba mata ido sai bakinta ya mutu.

Farfesa ya haddace amsoshi ɗari uku. In ya zauna gaban kwamfuta sai ya ɗaga haɓa, ya lanƙwasa yatsu ƙas-ƙas, ya ce, "Wasan yara."

Auta kuwa kullum da safe takan ja kujera kusa da keken ɗinkin Kaka, ta warware tambaya ɗaya a bayyane. Kaka ba ta san kan kwamfuta ba, amma ta iya tsare mutum.

"Kin ce za ki zaɓo babba a kwandon lambobin. To in kwandon babu komai fa, 'yar nan?"

Ranar gwaji Farfesa ya fara shiga. Tambayar na cikin haddarsa, sai dai an sauya mata layi ɗaya. Bai tsaya tambaya ba, ya zazzage abin da ya haddace. Aka gwada, allo ya yi ja, alamar ya faɗi.

Auta ta shiga, shugabar injiniyoyin kamfanin ta ce ta zaɓo babba a jerin lambobi. Bakin ya fara mutuwa, sai ta tuno Kaka, tabarau a kan hanci.

"Ranki ya daɗe, kafin in rubuta, in jerin lambobin babu komai fa?"

Shugabar injiniyoyin ta ajiye biro. "Tun safe nake jiran wannan tambayar. Ci gaba."

Shi ke nan baki ya buɗe. Ta yi kuskure, ta faɗa da kanta, ta gyara. Allo ya yi kore shar!

Da saƙon ɗaukar Auta ya iso, Kaka ta miƙe tana rawa, tef ɗin awo a wuya.

Farfesa ya ɗaga haɓa. "Dama kwamfutarsu ce ba ta saba da irin saurina ba."

Darasi: Hadda ba fahimta ba ce. Yi tambaya kafin ka rubuta, kuma kada ka raina mai tsare ka da "in kaza ya faru fa?" Ku tura wa mai shirin gwaji, har da Farfesan gidanku.