Makullai Goma Sha Tara a Zobe Ɗaya

To, ku ajiye wayoyin nan haka, ku ba ni kunnuwanku. Yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi daga tabarmar nan sai an yanke ta. Kai mai murmushi, da kai nake.

A Tudun Gamji akwai wani dattijo, Alhaji Haladu. Mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, amma taurin kai gare shi kamar ƙodagon goruba. Shi ne babba a gandun gidansu, kuma duk duniya bai yarda da kowa a kan makulli ba. Na rumbu, na siton da ake ajiye irin shuka, na injin niƙa, na ɗakin taki, na garken awaki, har da na wani kwaɗo da ya ɓace tun kafin a haifi autansa, duk a zobe ɗaya suke. In yana tafe, tun daga zaure ake jin sa, kacau-kacau. Matan gida in za su ɗebi hatsi sai sun jira ya dawo, ko da Kano ya tafi. Da ya sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, sai ya zura makullinta cikin zoben nan, ya zama cikon na goma sha tara.

Ba a daɗe ba motar ta fito da hali. Ana cikin tafiya, da ta faɗa rami sai inji ya ɗauke ɗif. Alhaji ya ce man 'yan bumburutu ne, ya yi musu tatas. Ya koma saye a gidan mai, ba ta daina ba. Sai ya ce to, bakin mutane ne, ya je aka ɗinka masa laya ya rataya a zoben. Ta sake mutuwa, ya ƙara wata. Jama'a, ku ji fa! Nauyi ke kashe motar, shi kuwa duk mutuwar da ta yi sai ya ƙara mata nauyi. Kafin shekara ta zagayo layu huɗu ne ke lilo a gwiwarsa.

'Ya'yansa uku ne, duk manya masu iyali.

Babbarsu Lantana, malamar asibiti ce a birni. Ta zo ganin gida, ya ɗauko ta daga tasha, motar ta mutu da su a kan kwalbati, idonta kuma na kan makullan nan lokacin da suka yi tsalle. Da suka isa ta ɗauki hoton lambar jikin motar, ta koma birni ta yi mako biyu tana bincike a waya, tana tambayar duk wanda ya san mota. Abin da ta gano ya hana ta cin abinci. Ashe shekaru da yawa baya kamfanin ya yi kiran duk motoci irin wannan a mayar a gyara, don gidan makullinsu, wato inda ake zura shi a murɗa, sako-sako ne. In akwai nauyi a jiki aka ci karo da gargada, sai makullin ya koma baya da kansa, inji ya mutu, sitiyari ya yi tauri, birki ya ƙi takuwa. A can ƙasarsu har rayuka sun salwanta. An aika wa masu motoci takarda, amma takardar wannan motar ta tafi gidan mai ita na farko, lokacin ita kuwa tuni tana cikin jirgin ruwa. Wa zai biyo ta Tudun Gamji da wasiƙa?

Lantana ta hau mota ta dawo, ta iske shi a zaure da baƙi, ta durƙusa ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce ba ta roƙon ya sayar, ya cire makullin motar kawai ya riƙe shi shi kaɗai.

Alhaji ba ya kiran sunanta, 'yar fari ce. Ya ce, "Ke 'yar nan, mota ce ko amarya, da za a ce gidansu sun aiko ta koma? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Baƙi suka yi dariya. Nan haƙurinta ya ƙare, ta miƙe tsaye ta ɗaga murya, "Baba, ba mai ba ne, ba bakin mutane ba ne, makullanka ne za su kashe ka!"

Alhaji ya nuna mata ƙofa. Ta fita tana hawaye, amma ba ta wuce tasha ba sai da ta zaunar da ƙannenta biyu a gindin bedi ta nanata musu abu biyu. In motar ta mutu tana gudu, kada a bari ya murɗa makulli baya, don sitiyari zai kulle gaba ɗaya. Birkin hannu kuma a ja shi kaɗan-kaɗan, in aka fizga motar juyawa za ta yi.

Na biyu shi ne Iro, bakanike. Shi ya ɗauki maganar yayarsa da gaske. Ya bi kasuwannin kayan mota har garuruwa uku yana neman sabon gidan makulli, duk wanda aka miƙo masa tsoho ne da aka cire daga mota mai irin ciwon. Ga shi uban ya riga ya kafa doka, ba mai ɗora sifana a motarsa, ko ɗansa ne. Iro kuwa ya san abin da Lantana ba ta sani ba, birkin hannun nan matacce ne tun ranar da aka sayo ta, dutse ake sa mata a taya in an tsaya. Sai ya riƙa faƙon ranar Juma'a. Da Alhaji ya shige sahun gaba da makullansa a aljihu, shi sai ya shige ƙarƙashin motar da fararen kayansa, ba ya fitowa sai ya ji an tayar da iƙama. Juma'a uku ya yi yana haka kafin ya sauya wayar birkin da takalman birkin tayoyin baya. Ta ukun uban ya ga baƙin mai a rigarsa, ya kira shi ƙazami a gaban mutane. Iro ya haɗiye, bai faɗa wa kowa ba sai ƙanensa.

Ƙanen nan shi ne Bawa, auta, manomi, ƙato mai ƙwanji, mai son raha. Shi dariya ma ya yi wa Lantana, ya ce, "Yaya, bokon nan ya yi miki yawa." Ya yi wa Iro dariya, ya ce ya ɓata shadda a banza. Amma shi ne kullum ke zama kusa da uban in za a je kasuwa.

Ranar kasuwar Gadar Kuka, da hantsi, suka ɗauko hanya su biyu. Kun san gangaren nan, dogo ne, kuma a ƙarshensa 'yan kasuwa sun cinye rabin titi. Suna tsakiyar gangare taya ta faɗa rami, makullai suka yi kacau, inji ya ɗauke. Alhaji ya taka birki ya ji kamar ya taka dutse. Ya ja sitiyari, ya ƙi. Ya hango mata da yara a bakin gada, ya kama salati, ya kai hannu zai murɗa makulli baya ya sake tayarwa kamar yadda ya saba.

Bawa ya kai wa hannun ubansa duka, tas! Ba na wasa ba, don sai da wuyan hannun ya kwana uku a kumbure. Ya damƙi sitiyari da dama, ya kama birkin hannu da hagu, yana ja yana saki, yana ja yana saki, jijiyoyin wuyansa kamar za su tsinke. Motar ta bar titi ta nutse cikin yashin rafi, ta tsaya taku biyar daga kaskon wata mai ƙosai. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Alhaji ya fito ya zauna a yashi da babbar rigarsa. Wallahi ya tsorata, kuma kunya ta fi tsoron yawa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Da suka koma gida ya sa aka kira Lantana daga birni, da ta iso bayan kwana uku ya tara iyali da dattawan unguwa. Ya jefa makullan a tabarma, ya rantse da Allah hannunsa ba zai ƙara taɓa su ba. Ya ce zai ba wanda ya ceci ransa, shi ne kuma zai riƙe gandu daga yau. A zuciyarsa Bawa yake nufi. Sai Bawa ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, ya ce ba don maganar Yaya Lantana ba da shi ma makullin zai murɗa, kuma ba don Yaya Iro ba da iska zai ja a birkin nan.

Nan fa Alhaji ya ji abin da aka yi a ƙarƙashin motarsa yana sahun gaba. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, takaici ya kama shi.

Ya ce, "Oh ni Haladu! Ɗaya ta daka mini tsawa a gaban baƙi, ɗaya ya karya dokata, ɗaya ya doke ni. Da na haifi masu ladabi zalla, da yau kwanana uku a kabari."

Dattawa suka rabu. Masu bayan Lantana suka ce in kunne ya ji jiki ya tsira, ita ta gano ciwon da maganinsa, ta kuma sayi fushin uba don ta faɗa. Aka ce musu ai aure take a birni, kuma magana kawai ta yi. Masu bayan Iro suka ce rigakafi ya fi magani, shi ya yi aikin da ba mai gani, ya sha zagi bai tanka ba. Aka ce musu mai iya yi wa ubansa aiki a ɓoye, ta yaya za a ba shi makullin sito? Masu bayan Bawa suka ce shi ya sa ransa da ƙarfinsa a lokacin da magana da sifana ba su da amfani, kuma da ya yi shiru da tuni makullan suna aljihunsa. Aka ce musu shi ne fa ya yi wa sauran dariya, kuma hannun da ya doki uba ba a saka masa da gandu.

Wani ya ce a raba makullan uku. Alhaji ya ce a zobe ɗaya ubansa ya ba shi, gandun da ya yi masu makulli uku ya watse. Liman ya ce ya yi kaffara ya ɗauki kayansa. Alhaji ya ce shi tun da yake bai taɓa janye magana ba. Aka ce to a fasa kwaɗon siton, ya ce duk wanda ya fasa ba shi ba shi. Kun ji mutum! Motar ta koya masa darasi, amma taurin kan yana nan inda yake. 'Ya'yan kuwa ba mai miƙa hannu sai uba ya kira suna.

Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne, jiya ruwan shuka ya sauka. Maƙwabta duk sun fita da sungumi. Irin gero da na gyaɗa na gidan mutum talatin da ɗaya yana kulle a sito, makullan suna kan tabarma kaji na tsallake su, danshin ƙasa kuma ba ya wuce kwana uku.

To, ga ku ga ta, kuma kada wanda ya ce mini a raba, an riga an faɗa. Tsakanin wadda ta sani ta faɗa, da wanda ya gyara a ɓoye, da wanda ya riƙe motar a gangare, wa zai sunkuya ya ɗauki makullan nan kafin ƙasa ta bushe?