Rawar Baba Jatau da Haliru Ya Ce Tasa Ce

Akwai wani dattijo a Bungudu mai suna Jatau. Manomi ne, amma a ƙuruciyarsa shi ne sarkin samarin unguwarsu. A lokacin, da an gama girbi sai a kafa kalangu a dandali, samari su ja layi, 'yan mata su ja nasu, a fuskanci juna ana rawar asauwara. Duk wanda ya ga Jatau yana takawa a zamanin, har yau yana ba da labari.

Zamani ya juya, dandali ya mutu, abokan rawarsa suka yi ta rasuwa.

Wata rana sai ga Haliru, ɗan amininsa marigayi. Tela ne a Damba cikin Gusau, kuma ya tara matasa sun kafa ƙungiyar rawar gargajiya. Ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, gasa za a yi a Gusau. Ka koya muna rawar da kuka yi da mahaifina. Wallahi ranar nan kai za ka zauna gaba, sunanka za a fara kira."

Jin an ambaci amininsa ya sa idon Jatau ya kawo ruwa. Ya amince.

Wata huɗu suna zuwa ƙofar gidansa bayan la'asar. Gwiwarsa na kumbura, matarsa Suwaiba na gasa masa da ruwan zafi, gobe ya sake tashi. Ya koya musu "tafiyar zabo", inda ake taku biyu gaba a ɗan duƙa, a ja ɗaya baya. Ya koya musu yadda layi biyu ke ratsa juna ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba. Salo uku suka iya sosai kafin lokaci ya yi.

Ranar gasa Jatau ya sa rigarsa ta Sallah, ya shiga mota zuwa Gusau. A ƙofar filin mai gadi ya nemi katin gayyata. Ba shi da shi. Can ya hango Haliru cikin manyan baƙi, ya ɗaga masa hannu da murna.

Mai gadi ya kira Haliru ya ce, "Ranka ya daɗe, ka san wanga tsoho?"

Haliru ya dubi Jatau ido cikin ido, ya ce, "Masu son kallo ne. Ya jira waje."

Jatau ya tsaya jikin katanga cikin rana. Daga nan ya ji lasifika tana cewa ƙungiyar Haliru ta zo ta ɗaya, ta ci kofi. Ya kuma ji muryar Haliru: "Waɗannan salo ni na ƙirƙiro su da kaina. Babu wanda ya koya min."

Tsohon ya koma gida. Kwana uku tuwo ma sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye.

Bayan wata guda masu shirya gasar suka nemi Haliru ya kawo sababbin salo biyar don wani babban taro. Tunda shi ya ƙirƙiro na farko, ai ba wuya. Kunya ta hana shi komawa Bungudu, sai ya tsinto taku daga bidiyon waya ya haɗa.

Ya fara gwada su a wani biki a Tsafe. Ana cikin rawa wata tsohuwa, Inna Saude, ta miƙe da sandarta.

"Kai yaro, tsaya! Mi kake yi haka? Ukun farko na gane su, na Jatau na Bungudu ne, ni na riƙa tsayawa gabansa a layi. Sauran kuwa tsalle-tsalle ne kawai."

Ɗaya daga cikin 'yan rawar, Tajuddeen, ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaskiya ne, Inna. Shi ya koya muna."

Wani ya ɗauka a waya, bidiyon ya bazu. Kafin mako ya zagayo, masu shirya taron sun sallami Haliru, sun yi sallama a gidan Jatau.

Daga baya Haliru ya zo shi kaɗai, ya durƙusa yana kuka.

Jatau ya dube shi ya ce, "Kofin bai dame ni ba, Haliru. Ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka, amma ka dube ni ka ce in jira waje. Na yafe maka saboda mahaifinka. Sai dai gwiwar nan ba za ta ƙara lanƙwasawa dominka ba."

Sauran matasan kuwa ya ci gaba da koya musu, Tajuddeen na jan layi.

Darasi: Wanda ya koya maka abu, ka ambaci sunansa ko ba ya wurin, balle yana tsaye a ƙofa. Ana iya yafe cin amana, amma yarda ba ta cika dawowa ba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai tsohon malamin da ya kamata ya je ya gaishe shi yau.