Bel ɗin Malam Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce masa Malam Sallau, wanda neman abinci ya kai shi wani gari can ƙasar sanyi, inda dusar ƙanƙara ke binne hanya. A can babur ba shi da taya. Wani faffaɗan bel na roba mai haƙora ne ke tura shi, kuma sayar da bel ɗin nan ita ce sana'ar Malam Sallau.

A garin akwai wani Bahaushe ɗan'uwansa, Barau, mai baki kamar reza. Kullum ya wuce sai ya tsokane shi, wai shagonsa ya fi maƙabarta shiru, tunda bai iya zuga kayansa ba. Malam Sallau sai dai murmushi.

To ku saurara. Wata safiya Barau ya shigo afujajan. 'Yarsa Ladidi na naƙuda a ƙauyen mijinta can bayan dutse, haihuwa ta zo da gardama, sai an kawo ta asibiti, ga shi bel ɗin babur ɗinsa ya tsage. Ya nuna wani bel mai dogayen haƙora ya ce a ɗaura, don a ganinsa wanda ya fi tsada shi ya fi ƙarko.

Kun san dai mai kaya ba ya kushe kayansa. Da ya yi shiru, da ya yi cinikin da ya daɗe bai yi ba, a hannun mai zaginsa kuma. Amma ya gaya masa gaskiya: yawancin hanyar daskararriya ce, dogayen haƙora za su ɗau zafi su kakkarye. Gajeru kuwa nutsewa za su yi a dusar ƙanƙara mai zurfi ta gindin dutse. Matsakaici ake so, shi kuma ya ƙare.

"To in zauna in yi ta kallonka ke nan, Malam?"

"Akwai na jikin babur ɗina."

Barau ya san gidan mutumin nan bayan gari yake, ya san kuma kaya ba za su iso ba sai hanya ta buɗe. Ya ce, "Kai fa?"

"Ƙafata ba ta naƙuda, Barau. Miƙo min sifana."

Aka ɗaura shi a babur ɗin Barau. Bel ya haye daskararriyar hanya, ya keta dusa, ya jawo keken jan kaya da aka kwantar da Ladidi a ciki har ƙofar asibiti. Ta sauka lafiya, an sami mace. Daga ranar Barau ke zuwa ɗaukar Malam Sallau kowace safiya. Tsokana dai bai daina ba, sai dai yanzu da shayi a hannu.

Jama'a, gaskiya da kyauta ba sai ga mai yabonka ba. Gobe wani zai tsaya gaban rumfarki, wani zai shigo shagonka, ya nuna abin da kun san zai bar shi a hanya. Ku faɗa masa, ko da ciniki zai wuce. Ba ku san wa ke jiransa a bayan dutse ba.