Garin Katako a Giyabos

Falalu makaniki ne a unguwar Nima a Accra, hannunsa na da kyau, amma wallahi ba a gaya masa magana. Da ka buɗe baki zai ce ya riga ya sani.

Mahaifinsu ya rasu ya bar masa da yayarsa Sahadatu tsohuwar Fijo ƙirar 404. Da ita ake kai wa Sahadatu doya Kasuwar Malam Atta, da cinikin doyar take ciyar da marayunta huɗu. A shekarar 1983, lokacin da kayan gyaran mota suka yi wuya a Accra, motar ta fara gurza giya, ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa.

Baba Mumuni, tsohon direban mahaifinsu, ya zo gareji ya gwada ta. Ya ce, "Falalu, in inji na kashe giya na shiga lafiya, in an tayar sai ta gurza. Kuloci ne ba ya saki. Mansa na yoyo, duba can tukuna."

Falalu ya yi tsaki. "Baba, tuƙi daban, gyara daban."

Wai shi direba zai koya wa aiki a gaban jama'a? Ko kallon kulocin bai yi ba. Ya ɗebo garin katako wurin kafinta, ya dama da baƙin mai mai kauri, ya ɗura a giyabos, akwatin giyar motar. Ƙarar ta ragu. Ya ce, "Yaya, na gama." Baiwar Allah har da sa masa albarka.

Amma haƙoran giya na can suna cin junansu. Bayan mako uku, a hawan Kokomlemle, cike da doya, motar ta yi ƙara ɗaya ta tsaya. Da Falalu ya buɗe, sai ɓaraguzan ƙarfe cikin laka. Ya zagaye Accra kaf, babu giyabos. Ya duba kulocin daga baya: wata 'yar roba ce ta tsage, ta nan man ke yoyo.

Sahadatu ba ta zage shi ba, da ma zagin ta yi. Ta ce, "Ni ka yi wa ƙarya, Falalu? Ni?"

Motar na nan ƙofar gida bisa duwatsu, kaji na ƙwai a ciki. Kullum da safe Falalu na ganin yayarsa ta wuce gareji da doya a ka, ba ta waiwayo.

Darasi: in abu ya yi kuka, nemi abin da ya sa shi, kada ka toshe masa baki. Mai girman kan da ya ƙi jin na gaba da shi, sau da yawa nasa ne ke shan wahalar.