Alƙali na Ashirin da Uku

An yi wani sarki a wani birni na bakin bahar, sunansa Muzaffaru, wanda ya shahara da adalci da kuma gaggawa, har masu ba da labari suka kasa tantance wanne ya rinjayi wani. Abin alfaharinsa shi ne ƙara ba ta kwana a ƙofarsa: a kawo mutum da hantsi, kafin azahar an san ko gida zai koma ko makwanci. A cikin birnin akwai unguwar Yahudawa, marina da maƙeran azurfa, waɗanda tun zamanin kakan sarki aka ba su izini su riƙa yi wa junansu shari'a bisa dokar addininsu.

Wata rana aka tsamo gawar wani maƙeri, Azariya, daga cikin karofin wani marini mai suna Garshomu. Shaidu biyu suka ce sun ga mutanen nan suna kokawa a bakin ramin, sun kuma ga hannun Garshomu ne ya yi turin. To, a dokarsu shari'ar rai ba ta alƙali ɗaya ba ce. Mutum ashirin da uku ke zama, a jere kamar jinjirin wata don kowa ya ga fuskar kowa, ƙarami ya fara faɗin abin da ya gani, babba ya zo ƙarshe, don kada kwarjinin manya ya kulle bakin na ƙasa. Babbansu a lokacin wani tsoho ne, Hananelu, wanda an ce gemunsa kan riga shi shiga ɗaki da taku biyu. Ni dai ban auna ba.

Aka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa Garshomu ya kashe, har magana ta zo kan tsohon. Shi ma ya ce Garshomu ya kashe. Da ya ƙirga ya ga ba wanda ya saɓa, sai ya ce a kwance wa marinin mari, ba za a kashe shi ba.

Matar mamacin, Zilfa, ta tafi fada ba ko takalmi. Sarki ya ji labari ya zaci kunnensa ne ya samu matsala, ya sa aka maimaita masa. Wazirinsa Ƙutaiba, mutum mai sanin dokar kowa in ban da ta yin shiru, ya bayyana masa cewa haka abin yake a wurinsu: in mafi yawa suka kama mutum da laifin kisa, a kashe shi, in kuwa duka suka haɗu a kan kama shi, a sake shi. Sannan ya rage murya ya ce akwai abin lura. Tsohon nan shi ya yi magana a ƙarshe, ya san da ya ce bai yi ba, da an samu ashirin da biyu a kan ɗaya, da an kashe marinin. Ashe kalmarsa ta kamawa ita ce mabuɗin marin, kuma ba mamaki da gangan ya murɗa shi.

Aka kawo Hananelu. Sarki ya ce, "Ya shaihin mutanenka, tambayoyi biyu gare ni. Wace irin doka ce yawan yaƙini ke warware ta? Kuma abin da ka faɗa a majalisarku, imaninka ne ko dabara? In dabara ce, ka sani jinin Azariya ba zai tafi a banza ba, wuyanka zai tsaya a madadin wuyan marinin."

Tsohon ya rusuna ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Malamanmu sun ce ba a halicci mutumin da ba shi da gefen uzuri ba, ko da siririn gefe ne kamar gashi. In mutum ashirin da uku suka dubi abu guda, dukansu suka ga fuskarsa, to ba wanda ya zagaya ya ga bayansa. Mu ba mu ce wannan ba shi da laifi ba. Mun ce ba a yi masa shari'a ba, taron dangi aka yi masa."

Ya ƙara da cewa masu ilimin ɓoye a cikinsu suna koyar da cewa Mahalicci yana tafiyar da duniya da sifofi biyu a gauraye, hukunci da rahama, kuma sharri bai samu ƙofar shiga duniya ba sai ranar da hukunci ya ɓalle ya tsaya shi kaɗai, kamar wutar da ta bar murhu. Don haka majalisar da ba a ji muryar rahama ko ɗaya a cikinta ba, tsoronta suke ji fiye da tsoron mai kisa.

Waziri ya ce zance ya yi daɗi, amma saura tambaya ta biyu, wadda wuya ke rataye a kanta.

Hananelu ya buɗe alkyabbarsa, sai ga rigarsa ta ciki a yage daga wuya zuwa ƙirji, irin yagar da Yahudawa ke yi in sun rasa wani nasu. Ya ce, "Azariya ɗalibina ne tsawon shekara goma sha tara. Da safe ya bugi azurfa, da yamma ya zauna gabana, kuma shi na yi zaton zai rufe mini ido. Na yi imani Garshomu ne ya kashe shi, har yanzu ban sauya ba. Da magana ta zo kaina, na san in na ce bai yi ba, na kashe shi, jama'a kuma su tafi suna yabon tausayina. Kalmar ta zo har bakin leɓena, ranka ya daɗe, ta fi zuma zaƙi. Amma ba a tambaye ni me nake so ya faru ba, an tambaye ni me na gani."

Sarki ya juya ga Zilfa ya tambaye ta ko gaskiya ne. Ta ce gaskiya ne, tsohon nan ne ya wanke gawar da hannunsa, sau biyu yana faɗuwa ana tashinsa. Ta ce duk da haka ba ta yafe masa ba. Tsohon ya ce shi ma bai nema ba.

An ce sarki ya sha ganin mayaƙan da suka ci birane, amma bai taɓa ganin mutumin da aka damƙa wa ramuwa da yabo a kalma ɗaya ya mayar da su ba. Can ya tambayi fadawa ko sun ga tsohon ya cancanci girmamawa. Suka amsa da murya ɗaya cewa ya cancanta, har da waziri, wanda muryarsa ta fi ta kowa. Sarki ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallo, har wasu suka fara duba rigunansu ko wani abu ne ya zuba.

Ya yi umarni a bar Garshomu da ransa, amma ya fita daga birnin kada ya sake taka shi, a kuma ɗauki nauyin Zilfa da 'ya'yanta daga gidan sarauta. Ya sa aka yafa wa Hananelu alkyabbar girma a bisa yagaggiyar rigar, ya hana a ɗinke ta. Sannan ya sa aka ajiye buzu guda a daman karagarsa, ya ce daga yau ba za a zubar da jini a ƙasarsa ba sai wanda ke kan buzun nan ya gama nema wa mai laifi uzuri, ko da ƙara za ta kwana bakwai.

Ku kuma masu riƙe da shari'a, ranar da kuka ga bakinku ya zo ɗaya a kan ran mutum, kada ku yi murna. Ku sake zama, don adalci ba ya cika sai an samu wanda ya tsaya a bayan wanda ake tuhuma.