Tafkin da Ba Ya Cikin Taswira

Idrisa ɗan Agiye ne, kuma tun yana ɗalibi a lakol kowa ya san kansa yana ja. Aibinsa ɗaya ne: in ya gama aiki ba ya komawa ya duba. A ganinsa, dubawa ta mai shakkar kansa ce.

Da ya gama karatun injiniya, wani kamfani a Maraɗi ya ɗauke shi. Kamfanin yana haɗa ƙananan jiragen sama marasa matuƙi, masu fesa maganin ƙwari a gonaki. Idrisa ke rubuta manhajarsu, wato umarnin da ke gaya wa jirgi inda zai bi, inda zai buɗe feshi da inda zai rufe. Albashinsa bai kai rabin na masu tallan jirgin ba, don darakta yakan ce ƙarfe mutane suke saye, rubutu ba ya tashi sama. Maganar ta ci wa Idrisa rai, har ya ƙudura cewa aikin da aka raina, daidai rainin zai yi shi.

Da damina tsutsa ta faɗa wa gero a wani ƙauye kusa da Cadawa, ƙauyen kakanninsa na wajen uwa. Manoma suka nemi feshi. Cikin kwana biyu Idrisa ya tsara hanyar jirgi bisa taswirar da ke cikin kwamfuta.

Ƙa'ida ita ce, kafin a zuba magani sai an tashi jirgin da ruwa zalla a kan gonakin, mai gwaji yana bi a ƙasa yana ganin inda ya jiƙa. Mai gwajin ita ce Husaina, wadda ba ta sa hannu kan abin da ba ta gani ba.

"Injiniya, yaushe aka ɗauki hoton taswirar nan?" in ji ta.

"Mi ya dame ki da yaushe? Ƙasa ta tashi ta koma wani wuri?"

"Ba kore ko ɗaya a ciki. Da rani aka ɗauka. A ba ni yini ɗaya in taka wurin."

Idrisa ya yi dariya. "Hajiya sarkin bincike! Kafin ki gama takawa tsutsa ta yi jikoki."

"Ta yi tattaɓa-kunne ma. Ba zan sa hannu ba."

Darakta ya ji, ya ce kamfani ba ya ciyar da masu taurin kai, ya sallame ta. Idrisa ya ɗauki takardar gwaji, ya rubuta "an gwada", ya sa hannunsa.

A tsakiyar gonakin akwai wani kwari. Da rani busasshen fili ne, haka kuma ya fito a taswira. Da damina tafki ne, inda dabbobin ƙauyen suke sha. Jirgi ya bi umarni daidai, ya yi ta fesa magani a kan ruwan. Da la'asar wani makiyayi mai suna Sule ya kawo shanunsa suka sha. Washegari bakwai suna kwance a mace. Allah ya taƙaita, ranar kasuwa ce, mata ba su ɗebi ruwan ba.

Darakta ya aiki Idrisa ya gaya wa mai gari iska ce ta kwashi maganin. Idrisa ya iske jama'a a bakin tafki, har da jandarma biyu. Sule ya ƙura masa ido.

"Kai ba jikan Inna Rukaiya ba ne? Ba a nan nake korar ku kuna wanka kuna ɓata wa shanu ruwa ba? Jirgi dai baƙo ne. Kai ma baƙo ne?"

Idrisa ya ajiye ƙaryar da ya zo da ita. Ya ciro takardar gwajin ya miƙa wa mai gari.

"Baba, ba iska ba ce. Ba a gwada ba. Ni na rubuta an gwada, darakta kuma ya sani."

A ranar ya rasa aikinsa. Tun daga nan shi da Husaina suke bin buro-buro na hukuma da takardar, neman diyyar shanun, Sule yana biye da su. An ce su dawo sau biyar, sau biyar sun dawo. Idrisa ya rantse ba zai sake zama gaban kwamfuta ba sai shanu bakwai sun shiga garken Sule.

Darasi: Abin da ke tashi bisa kawunan mutane ba a yi masa aikin "ai zai yi". Ƙarancin albashi zalunci ne, a nemi gyaransa da baki, amma ba hujja ba ce ta sa hannu kan ƙarya, don wanda zai cutu ba shi ya yanka albashin ba. Kamfanin da ya raina mai rubuta umarni, ya kori mai dubawa, shi ne babban mai laifi. A mayar wa Sule shanunsa. A mayar da Husaina bakin aikinta. Kai kuma mai karatu, in ka gama aiki, koma ka duba, ko da a tafkin da ka yi wanka ne.