Idon Barira Mai Lalle

Ku ajiye wayoyin nan ku matso, yau shari'a na kawo muku, kuma ba wanda zai tashi sai an yanke ta.

A garinmu an yi wata Barira mai lalle. Amaryar da ba ita ta yi wa zane ba, gani take kamar ba a ɗaura mata aure ba. Baƙin lallenta yana kamawa fiye da na kowa, don tana haɗa shi da rinin gashi. Tana da tsohon ciki, na fari bayan dogon jira, sai idanunta suka fara ƙaiƙayi. Fatar idon ta yi ja, ta kumbura, ta soma saɓa. Ta sosa, ta murza, har ya kai da safe kwantsa ke manne mata gashin ido, haske kuwa kamar an watsa mata barkono. Kowa ya ce afolo ne, zai wuce, amma bai wuce ba. Barira ta zauna a ɗaka tana kuka, abu ɗaya take faɗa: "Ni dai in ga fuskar abin da zan haifa."

Maƙwabciyarta Atika ta shigo aron rariya, ta tarar da Gwaggo Marka, ƙanwar uban Barira, ta kwantar da ita a cinya, riƙe da cokalin ruwan albasa da aka jiƙa da kanwa. Gwaggo Marka kuwa irin tsofaffin nan ce da ba ciwon da ya fi ƙarfinsu, sai dai majinyacin ya riga maganin. Atika ba ta tsaya sallama ba, ta buge cokalin. Gwaggo ta wanke ta tas, ta ce mata marar kunya, ta haɗa har da iyayenta. Atika ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, ki zage ni har gobe, amma wannan ba zai shiga idon nan ba." Ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi tafiya, tuwonta na ƙonewa a gida, har tsohuwar ta haƙura ta kwashe tarkacenta.

Rakiya, ƙanwar mijin Barira, ita ta ce asibiti. Yayanta Mudi ya ce a bari ta haihu tukuna, hanya ba kyau. Rakiya ta ce, "Yaya, ido ba ya jiran haihuwa." Ta yi ta binsa, gona da kasuwa, har ya gaji ya ce su tafi. Ta riƙo hannun Barira kamar 'yar jagora har asibitin ido a Kano. Likita ya duba ya ce ciwon na fata ne, amma fatar ido ta fi kowace laushi, in ta lalace ido ba shi da murfin kirki, ga susa ta fara ƙuje baƙin idon. Ya ce da kanwar nan ta shiga, da sai dai wani zancen, da kuma sun ƙara jinkiri, da tabon ya zauna. Ya ba da magani. Rakiya ta tare a gidan, kullum ta wanke fatar idon da ruwan ɗumi ta shafa, ta yanke wa Barira farce, in hannu ya nufi ido ta kaɗe shi.

Ido ya lafa. Barira kuwa, kun san mai sana'a, tana jin sauƙi ta jawo kwanon lalle. Kafin a gama wani biki da ta karɓi aikinsa, ciwo ya dawo ya fi na da, har gashin idon ya zube.

Sai ga yayarta Suwaiba ta zo daga ƙauye dubiya. Kowa ido yake kallo, ita sai ta kama hannun ƙanwarta tana lallashi, ta ji shi da kaushi. Ta buɗe yatsun, ta ga tsakaninsu ya yi ja ya tsattsage, irin na fatar idon sak. Ta ce, "Barira, da wane hannu kike share gumi in kina zane?" Ba ta jira amsa ba, ta tattara rinin nan kaf ta zuba a masai. Barira ta yi tsalle, ta ce an kashe mata sana'a, ta rantse ba za ta ƙara yi wa yayarta magana ba. Suwaiba ta koma ƙauye ko ruwan gidan ba ta sha ba. Da aka koma wajen likita aka ba shi labari, ya ce haka ne, jikinta ne ba ya son rinin, kuma muddin yana yatsunta, ko buhun magani aka ba ta ciwon zai dawo.

To, alhamdulillahi, fata ta warke, gashin ido ya sake tsirowa, ido ya washe tar. Barira ta koma jan lalle zalla, kuma amare ba su guje ta ba. Ta aika wa yayarta turmin atamfa da ban haƙuri. Ranar da ta haihu, ungozoma ta miƙa mata 'ya mace, ta ƙura mata ido ta ce, "Wayyo, hancin Mudi ta ɗebo, Allah sarki!" Ɗakin ya ɗauki dariya, ni kaina da nake wurin sai da na share hawaye.

Mudi don murna ya ce, "Suna naki ne, ki yi wa wadda ta ceci idonki takwara." Nan fa ake yin ta. Atika ta sha zagi ta hana kanwa shiga. Rakiya ta ja ta asibiti ta yi jinya. Suwaiba ta gano tushen ciwon, ta yarda ƙanwarta ta tsane ta. Ga rago a ɗaure, liman zai zo da safe, jaririya kuwa ɗaya ce tak.

To, ku da kuke da idanu biyu lafiyayyu, ku faɗa mini: Atika, Rakiya ko Suwaiba, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?